Ƙwallon da Ɗana Ya Ƙi Saki

Ko zan manta da komai na zamana a New York, ban da wata Asabar da na je kallon wasan ɗana, ranar da ta ci masa hannun dama.

Ni ɗan kokawa ne tun a Nijar, kafin rayuwa ta mayar da ni mai teburin huluna da tabarau a Bronx. Abu ɗaya na iya, kuma shi na cusa wa yaron tun yana ƙarami a ɗakinmu na unguwar Soundview: in ka kama, kada ka saki. In na matse masa hannu ya saki don zafi, sai in yi masa dariya in ce ba jinina ba ne. Yau ina jin kunyar wannan bakin nawa.

Da ya shiga jami'a sai ya fara ƙwallon Amurkawa, wadda ake runguma a ruga da ita. Shekara biyu yana roƙona in zo, ina ce masa wasan nan ba kai ba gindi. Ranar dai na je.

Ana tsakiyar wasa ƙwallo ta suɓuce wa wani daga abokan karawarsu. Na ga ɗana ya faɗa kanta, shi da wani ƙato nasu, sauran kuma suka tsibu a kansu. Wani Bahaushen Gana da ke kusa da ni ya ce, "Alhaji, yanzu alƙalai za su janye su ɗaya-ɗaya. Wanda aka tarar tana hannunsa, tasu ce." Ya ce a ƙarƙashin tulin nan ba mai ganin kowa, har yatsu ake murɗewa. Jin haka bai tsorata ni ba, daɗi ma na ji. Na miƙe ina ihu, "Riƙe! Kada ka saki!"

Da aka kai ƙasa, sai ga su biyun rungume da ita. Alƙali ya miƙa wa abokan karawa, ni kuwa na hau zagi. Bahaushen nan ya ja rigata ya ce doka ce: in biyu suka kama tare, ƙwallo na komawa ga waɗanda ta suɓuce wa. Sai a lokacin na lura ɗana bai tashi ba. Yatsunsa uku sun juya inda yatsa ba ya juyawa.

A asibiti na ce masa, "Ashe ba ka san dokar ba?"

Yaron da kullum da Turanci yake amsa mini, ranar da Hausa ya amsa. "Na sani, Baba. Tun da muka kama tare na san ba tamu ba ce. Amma kana kallo."

Bai ƙara wasa ba. Har yau hannun ba ya dunƙuluwa. In mun zauna cin tuwo cokali yake ɗauka. Na koya masa riƙo, ban taɓa koya masa lokacin saki ba. Tun ranar nake auna abin da zan faɗa wa yaro, don na ga maganar da uba ya yi cikin dariya ta karya ƙashin ɗansa.