Goggo Tasalla da Sunayen 'Ya'yan Fari

Yawancin waɗanda aka haifa a layinmu na unguwar Briqueterie, Goggo Tasalla ce ta yanke musu cibiya. Ni ma a hannunta na faɗo. Ubanta ya zo daga Katsina da fataucin yadi, ita kuwa nan aka haife ta, nan ta tsufa. Ba ta taɓa shiga aji ba, Faransancinta bai wuce "bonjour" da "merci" ba, su ma sai ta ga dama. Ga baki kamar barkono. In ta gan mu da yunifom sai ta ce, "Ga 'yan boko nan, an san komai ban da hankali." Na daɗe ina jin haushinta.

Shekarar da aka zabge albashin ma'aikata har sau biyu, ina ajin kusa da na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. An buɗe jam'iyyu, kowa maganar zaɓe yake, mu ma muka kafa ƙungiyar 'yan ƙasa a makaranta. Muka kaɗa ƙuri'a a kwalin sabulu kan aikin da za mu yi wa unguwa. Wasu suka ce a yashe kwata. Ni na ce takardar haihuwa, don yaran da aka haifa a gida da yawa ba su da ita, kuma ba a zana jarrabawar fita firamare sai da ita. Ra'ayina ya ci da ƙuri'a uku. Muka rubuta wa magajin gari, muka je zaman kansiloli sau biyu muna zare ido a bencin baya. A ƙarshe aka yarda kotu za ta zo unguwa, rana ɗaya tak, in mun kawo sunaye.

Mu 'yan mata muka shiga gida-gida da littafi. Cikin sati biyu muka tara suna arba'in da uku. Ina ta hura hanci, sai Jiddah, 'yar maƙwabciyarmu Fanta, ta tare ni a famfo tana kuka. Ita ce ta ɗaya a ajinsu, jarrabawa saura wata huɗu, kuma babu sunanta a littafinmu. Ƙannenta uku duk suna ciki. Babanta ya riga ya ce in ba ta zana bana ba, karatu ya ƙare.

Na duba littafi, kaina ya ɗaure. Goggo na bakin ƙofarta tana tsintar shinkafa, duk ta ji mu.

"Ke Afra'u, wa kika tambaya?"

"Iyayensu mata mana, Goggo."

"To wace uwa mai kunya za ta kama sunan ɗanta na fari ta ba ki? Ke uwarki ta taɓa kiran sunanki?"

Tun da na yi wayo "ke" Inna take ce mini, ko "yarinyar nan". Na san haka sarai, amma da na riƙe biro sai na manta. Kunya kamar in nutse.

Washegari ta yafa gyale ta shige gabanmu, tana ɗingishi tana mita. Kowace ƙofa muka zo sai ta tsaya ta ce, "Nan akwai Halilu, ranar Arfa, shekarar da aka kawo famfo layin nan." Mu kuma mu garzaya wurin liman mu lalubo kwanan watan a tsofaffin kalandarsa. Har unguwar Nkomkana ta kai mu, wajen waɗanda suka tashi daga layinmu. Yara goma sha bakwai muka tsallake, dukkansu 'ya'yan fari.

Ranar zaman kotu aka taru a wani aji na firamare. Alƙaliyar 'yar kudu ce, ba ta jin Hausa, ni ce tafinta. Baban Jiddah ya tafi arewa sayo shanu, don haka Fanta aka kira.

"Madame, le nom de l'enfant?" in ji alƙaliya.

Na fassara mata cewa sunan yarinyar ake so. Fanta ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka sake tambaya, shiru. A ta uku alƙaliya ta ce uwar da ba ta san sunan 'yarta ba, ba za ta sa mata hannu ba, ta ture takardar gefe. Na buɗe baki, Faransancin duk ya gudu.

Sai Goggo ta miƙe.

"Gaya wa ranki ya daɗe, ni na karɓi haihuwar nan. Hauwa'u aka raɗa mata, Jiddah ake kira. Ba rashin sani ba ne, kunya ce. Ni na faɗi suna, ita a tambaye ta ko tata ce."

Na fassara. Alƙaliya ta daɗe tana kallon tsohuwar ta saman tabarau, sannan ta jawo takardar ta tambaya. Fanta ba ta motsa ba.

"Fanta, 'yar nan, yau ɗaya ce," in ji Goggo, a hankali yadda ban taɓa ji daga bakinta ba. "Ina tsaye a nan, ba wanda zai ce ba ki da kunya."

Daga cikin mayafi murya ta fito ƙasa-ƙasa.

"Tawa ce. Ita ce ta farina."

Alƙaliya ta sa hannu. Duka yara sittin suka samu takarda, Jiddah ta ci jarrabawa, mu kuma aka yi ta yaba mana a makaranta kamar mu muka yi aikin. Na je yi wa Goggo godiya, ta ce in matsa na tare mata haske.

Ta rasu bayan shekara shida, Allah ya jiƙanta da rahama. Har yau ina jin ban gode mata yadda ya kamata ba. A wajen zaman makoki na haɗu da Jiddah, lokacin tana karatun jinya. Na tuna mata ranar kotu, na ce Goggo ce ta ceci karatunta.

Ta share ido ta ce, "Yaya Afra'u, ba karatun kawai ba. Tun da aka haife ni, sau ɗaya na ji Inna ta ce ni tata ce. Goggo ce ta sa ta faɗa."