Ɗakunan da Alhaji Ya Bayar Kyauta

Ban taɓa mantawa da ranar Juma'ar nan ba. Ƙarfe biyu da kwata na rana na ɗaga kusurwar wata katifa a wani masaukin baƙi da ke unguwar Krofrom a Kumasi, daga nan komai ya fara lalacewa.

Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a, ina aikin hutu a wajen Hajiya Fati mai shirya bukukuwa, inda kuke yanzu. Ba na iya yin ciniki da mahauta, ba na iya tsawata wa masu kafa rumfa. Sai ta ba ni aikin da ba ya son surutu: in riga baƙi zuwa masauki, in duba ruwa da fanka da makulli, in raba ɗakuna. Duba gado ni na ƙara wa kaina.

Ga yadda nake yi. Jakata ba ta taɓa gado. A banɗaki nake ajiye ta, kan tayil. In yaye zanin gado, in kunna fitilar waya, in bi ɗinkin katifa da yatsa, sannan in leƙa bayan allon kan gado. Abin nema shi ne baƙaƙen ɗigo kamar na biro, da ɓawon da kuɗin cizo ke bari in ya yi saɓa. Ran nan ban sha wahalar nema ba. Kuɗin cizo ne jere a cikin ɗinkin, a ƙoshe, ko gudu ba sa yi. Ɗaki na gaba haka, na gabansa ma haka.

Matsalar ita ce ba haya muka yi ba. Alhaji mai masaukin kawun amarya ne, ɗakunan saman nan kuwa gudummawarsa ce ga bikin, har an yi masa godiya a gaban jama'a. Masu kwana ciki gwaggwannin ango ne daga Tamale, suna tafe da akwatunan lefe.

Na sauko wurin Akosua mai karɓar baƙi, na nuna mata hoto a waya.

"Ei, sista Ruƙayya," in ji ta, "wa ya aike ki ƙarƙashin katifa? A fesa magani, a juya ta, shi ke nan."

Na ce feshin rana ɗaya ba ya kashe ƙwai. Na roƙi ɗakunan ƙasa. Ta ce duk da mutane.

Na kira Hajiya, tana Akwatia Line gidan amarya, ina jin ƙarar tukwane a bayanta.

"Ruƙayya, kyauta ake bincike? Kin san waye Alhaji a wurin mutanen nan? Ki shimfiɗa sabon zani ki yi shiru, kwana biyu ne."

"Hajiya, su kwana biyu za su yi. Akwatunan fa? Ɗakin amarya za su, da duk abin da ya shige su."

"To ki yi abin da ya dace."

"Ki faɗa mini da bakinki: in shigar da su, ko kar in shigar?"

Ta ce ba ta ɗauke ni aiki don in haɗa ta faɗa da manya ba, in kuma na kunyata Alhaji kar in sake taka shagonta. Ta kashe waya. Tambayata ba ta amsa ba.

Ni da ko gaisuwa sai na shirya ta a raina kafin in faɗa, ga ni tsaye a bakin ƙofa makullai a hannu lokacin da motar baƙin ta iso daga tashar Race Course. Direba ya buɗe but zai fara sauke kaya. Na je na dafa akwatin farko.

"Masta, dakata tukuna."

"Ke wace ce?"

"Mai makulli."

Ban ɗaga hannuna daga akwatin ba. Matan suka fara guna-guni, sun gaji, ga la'asar ta gabato. Wata ta ce 'yan Kumasi haka suke tarbar baƙi? Na tambayi wace ce babba, aka nuna mini Mma Sanatu, yayar mahaifin ango. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ina roƙon ta hau sama da ni, ita kaɗai.

Ku da kuka shigo aikin nan bana, ku sani mutanenmu sun gwammace su kwana suna susa da su ce kyautar babba tana da aibi. Ba mugunta ba ce, kunya ce. Amma baƙon da ya ba ku amanar barcinsa bai san an yi wannan lissafin a kansa ba. Hajiya ta yi wata guda ba ta kira ni ba bayan bikin, kuma ko yau aka maimaita, katifar zan ɗaga.

Mma Sanatu ta hau benen a hankali, tana dafe da kafaɗata. Na yaye zanin na haska mata. Ta sunkuya, ta ɗauki ɗaya ta murje a farce, ta dubi jinin, ta goge a bango.

Na ce, "Mma, tun ɗazu nake tambaya ba wanda ya amsa mini. In shigar da ku, ko kar in shigar?"

Ta gyara mayafinta.

"Ko akwati ɗaya kar a sauke. A nemo mana tabarmi, tsakar gidan amarya ta ishe mu. Ki ce wa Alhaji mun gode, Allah ya saka, gwiwoyinmu ne ba sa son bene. In ya ce bai gane ba, ki turo shi wurina, ni zan hau da shi."