Ranar da Na Gyaɗa Kai a Shagon Riɗi

Akwai wata Laraba da na san ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da zan yi tsufan da zan manta sunayen jikokina. Abin da na fara lura da shi da na isa shagon Alhaji a kasuwar Azare shi ne takalma. Ƙafa bakwai ne a jere a bakin tabarma, dukkansu na maza, ɗaya ma an take masa baya har ya kwanta. Na cire sandal ɗina na makaranta na rasa inda zan ajiye shi, daga ƙarshe na tura shi bayan wani buhu kamar kayan sata. Shekarata goma sha shida a lokacin, ina aji biyar na sakandare, kuma ina cikin yaran nan da idan baƙo ya yi sallama sai an nemo su a bayan ƙofa.

Mu uku ne a wurin iyayenmu. Babbarmu mace ce, muna ce mata Adda saboda mahaifiyarmu Bafulatana ce, sai Yaya, namiji, sai ni Auta. Mahaifinmu riɗi yake saya a ƙauyuka ya kawo wa Alhaji, amininsa tun ƙuruciya, shi kuma ya loda zuwa Kano. Lokacin da Baba ya rasu Adda ta gama jami'a ke nan, Yaya kuwa da sauransa. Saboda haka ita ta riƙe sana'ar.

A shekarar farko an yi ta dawo mana da buhuna, wai akwai yashi a ciki. Adda ta shirya ta tafi Gadau, ta kwana uku a gidan wata gwaggonmu tana bin mata gona. Can ta ga a ƙasa tsura ake kakkaɓe riɗin, a share shi da tsintsiya a zuba a buhu. Ta dawo ta samo tamfol ta raba musu, ta zauna cikinsu tana nuna musu yadda za su kakkaɓe a kai, su tace da rariya kafin su ɗura. Daga Gadau abin ya kai har Zadawa. Tun daga nan ba a sake dawo mana da buhu ko ɗaya ba. Ina iya tuna yadda take ɗibar riɗi a tafin hannu, ta murza shi kusa da kunnenta, ta ce wannan da saura. Da kunne take jin yashi.

Sai dai duk wannan aikin, Adda ba ta taɓa zama gaban Alhaji ba. A gidanmu aminin uba, uba ne, kuma 'ya mace ba ta zuwa ta zauna cikin maza tana yi wa ubanta bayanin kasuwa. A zaure take tsayar da Yaya ta gaya masa abin da zai faɗa, ya maimaita mata kamar mai ba da hadda, sannan ya hau acaɓa ya tafi. Ko waya ce, shi take miƙa wa. Babu wanda ya ga laifin haka, har ita kanta. Alhaji kuwa kullum cewa yake yaron nan ya gaji ubansa.

Bayan shekara huɗu, su biyun suka nemi gurbin digiri na biyu a wata makarantar koyon kasuwanci a ƙasar waje. Abokan Yaya sun gaya masa cewa irin makarantun nan ba su cika samun mata daga wajenmu ba, don haka da sun ga mace suke ɗauka. Ya yi ta tsokanarta wai an riga an share mata kujera, shi ne zai sha wuya. Ita kuma ta ce idan yana so ta ara masa hijabi. Amma da fom ɗin ya zo, abin da makarantar ta fi damuwa da shi daban ne: shekara nawa ka yi kana aiki, wa ka jagoranta, wa zai ba da shaida a kanka. Yaya yana da kati mai sunansa, kuma sunansa ne a takardun sana'ar. Adda ba ta da komai sai waya cike da lambobin matan ƙauye. A takardar da ta rubuta game da kanta, labarin tamfol ta bayar. Ni na duba mata Turancin, don haka na san kowane layi.

Dukansu Alhaji suka sa a matsayin mai ba da shaida. Makarantar ta turo masa tambayoyi ta imel, da sharaɗin kada mai neman gurbin ya ga amsar. Alhaji ba ya jin Turanci, akawunsa kuma ya tafi ganin gida, lokaci yana ƙurewa. Shi ne aka ce tunda Auta ce ke cinye Turanci a ajinsu, ta ɗauki kwamfutar Adda ta je, ya faɗa da Hausa ta juya.

Ina durƙusawa in gaishe su wani dattijo ya ce a matsa, Baturiya ta iso. Aka yi dariya. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Alhaji ya sa aka ba ni wuri a gefen tabarma, ya tambayi jikin Inna, ya yi wa Baba addu'a, muka shafa. Na ɗora kwamfutar a kan cinyata, ban ɗaga ido sama da gwiwoyin mutanen ba.

Da na Yaya muka fara. Tambaya ta uku ta ce a ba da misalin wata matsala da mai neman gurbin ya warware. Alhaji ya gyara zama, fuskarsa ta washe, ya shiga ba da labarin yashi. Ya faɗi yadda aka yi ta dawo da buhuna, da yadda yaron nan ya bi ƙauyuka ya gano a ƙasa ake kakkaɓewa, ya raba tamfol. Mutanen wurin suna ta cewa madalla. Yatsuna suka tsaya a kan kwamfutar. Ya lura, sai ya juyo ya ce, "Ko ba haka aka yi ba, Auta? Ke ce 'yar gida."

Maza bakwai suka zuba mini ido. Ina jin ƙarar fankar da ke sama tana ƙyas-ƙyas, ina ganin wata ƙwayar riɗi da ta maƙale a gefen hular Alhaji. Maganar tana bakina, gajeriya ce: Adda ce. Amma faɗinta na nufin in gyara wa aminin ubana magana a gaban abokansa, in kuma rage wa yayana daraja a kasuwa. Na gyaɗa kai. Na ce, "Haka ne, Baba."

Na rubuta, har da gyara jimlolin don su yi daɗin karantawa.

Da muka zo kan na Adda, sai muryar Alhaji ta yi laushi. Ya ce in rubuta yarinya ce mai tarbiyya, mai kunya, wadda duk tsawon shekarun nan bai taɓa jin ta ɗaga murya ba, hasali ma da wuya ya gane muryarta. Da na karanta masa tambayar da ke neman a bayyana yadda take jagorantar mutane, ya yi murmushi ya ce Turawa da neman magana. Ya ce in sa tana taimaka wa ɗan'uwanta kuma ba ta taɓa saɓa masa ba. Yanzu da na girma na san iyakar yabon da ya sani ke nan, kuma da zuciya ɗaya ya yi shi. Irin shaidar da zai bayar ke nan da aurenta aka zo nema. Bai san abin da kalmomin za su zama ba idan suka isa teburin mutanen da ke neman wadda ta taɓa riƙe wani abu. Ni kuwa na sani, domin ni na karanta takardarta. Duk da haka na rubuta, na danna, ya tafi.

A gida na tarar da Adda tana jirana a tsakar gida, ta tambaye ni yaya aka yi. Na ce mata lafiya lau, ya yabe ta sosai. Ta yi dariya ta ba ni ragowar furarta. Ban iya sha ba.

Bayan wasu makonni aka yi musu intabiyu ta kwamfuta. Da Adda ta fito daga ɗaki sai na ga tana naɗe igiyar caja a yatsanta tana warwarewa. Ta ce sau uku wata mata tana tambayarta wane ne ainihin wanda ya fara kawo maganar tamfol, ita ko wani. Ta ce ba ta gane dalilin nanata tambayar ba. Ni na gane. Takardu biyu ne a gabansu daga gida ɗaya, kuma mai shaida ya ba namijin labarin da macen ta ce nata ne.

Aka ɗauki Yaya, ba a ɗauki Adda ba. Shi kansa abin ya ɗaure masa kai, don bai san me aka rubuta ba, kuma a tasa takardar maganar motocin ɗaukar kaya ya yi. Matan unguwa da suka zo barka suka riƙa cewa dama ina mace ina zaman wata ƙasa ita kaɗai, Allah ne ya tsare ta. Adda ta yi ta zuba musu ruwa tana amsawa da amin.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Adda ta yanke a ranta cewa Turancinta ne ya kayar da ita. Kullum bayan la'asar sai ta kira ni, ta ce in zama matar nan ta intabiyu in yi mata tambayoyi, in gyara mata inda ta yi kuskure. Macen da ta gyara sana'ar ƙauyuka guda, tana zaune a gabana tana maimaita kalma sau biyar tana ba ni haƙuri wai tana ɓata mini lokaci. Wata biyu na yi ina wannan koyarwar. Ranar da na kasa daurewa, tana tace riɗi ne a tsakar gida. Na tsuguna kusa da ita na faɗa mata komai, tun daga tambayar Alhaji har gyaɗa kaina.

Ba ta daina girgiza rariyar ba sai da abin da ke ciki ya ƙare. Na so ta zage ni, ko ta mare ni, da na fi samun sauƙi. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shekara huɗu ina aika maganata a bakin wani, Auta. Ke rana ɗaya kika yi." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma furar nan da na ba ki, da kin faɗa mini a ranar."

Kwana uku ba ta kira ni darasi ba, ba ta kuma ɗaure mini fuska ba. Wannan ya fi duka zafi.

Adda ta tafi karatunta daga baya, shekara biyu bayan Yaya, a wata makarantar da ba ita ta fara so ba. Shekarun nan biyu babu mai dawo mata da su, kuma na san rabona a cikin ɓatarsu. Tun ina ƙarama ake yabona da kunya, ni ma na ɗauka ado ce. A shekarar da abin ya faru na gane cewa kunyar da za ta sa in yi shiru a ba wani haƙƙin wani, tsoro ce kawai na sa mata suna mai kyau. Na kuma gane cewa aikin mace da yawa a wajenmu ba ya ɓacewa don wani ya yi niyyar zalunci. Yana ɓacewa ne don wanda ya gani da idonsa ya ji nauyin faɗa.

Da lokacin neman gurbi ya sake zagayowa, ban jira an aike ni ba. Na tashi daga makaranta na hau keke napep zuwa kasuwa. Takalman suna nan a jere, har da mai kwantaccen bayan nan. Na cire sandal ɗina na ajiye shi a tsakiyarsu. Dattijon nan ya ce Baturiya ta dawo, aka yi dariya. Na durƙusa gaban Alhaji, muryata da ƙyar take fita, har sai da ya sa aka kashe fanka.

Na ce, "Baba, bara ka tambaye ni a nan na ce haka ne, alhali ba haka ba ne. Maganar tamfol ɗin nan aikin Adda ne, tun daga farko har ƙarshe. Ina roƙonka ka yafe mini. Kuma don Allah ka aika a kira ta, ta zauna a tabarmar nan ka ji daga bakinta, sannan ka sake ba da shaidar."