Illo da Hannun Altine

Kafin rana ta leƙo bisa duwatsun Dogon Dutsi, Illo ma'aikacin asibiti ya share ƙofa, ya dafa allurai. Ba ya tambayar ciwo sai ya tambayi gida. Haka yake tun zamanin Nasara, mulkin kai ya zo ya iske shi haka. Bana zai ajiye aiki. Ni ban saba yabo ba, amma yabon gwani ya zama dole.

Ku ji ta Altine, matar Tukur makiyayi, daga wajen Dogon Kiriya. Fatar hannunta ta yi tauri kamar ƙirgi, yatsu suka ƙi lanƙwasa, tatsa ta gagara. Bafulatanar da ba ta tatsa, me ya rage mata? Wasu suka ce doguwa ce ta taɓa ta, wasu suka ce kuturta ce, aka ware mata ƙwarya.

Illo ya duba ya ce ba kuturta ba ce. Ya ɗauki ƙwaryar ya sha fura a gaban kowa. Ya raka ta wajen babban likita a Yamai, aka ba da ƙwayoyi. Illo bai yi ƙarya ba: ya ce ba sa warkarwa, amma mai yiwuwa su sassauta fatar. Hanyar ganewa kuwa, a mintsini bayan hannu duk ran kasuwa, a ga ko fata za ta ɗago.

Tukur ya ce ba namijin da zai riƙa kama hannun matarsa.

"To kai mintsina," in ji Illo.

"Ni? Gaban mutane? Ko sunanta ba ni kira!"

"Ba ka taɓa saniyarka ka ji ƙibarta, Bafillace?"

"Ita ba saniya ba ta!"

"Ta fi saniya. Mintsina."

Tukur ya kawar da kai, ya mintsina. Fata ta ƙi. Damina ta wuce tana ƙi. Tukur ya gaji da zuwa, Illo ya hau keke ya kai magani har ruga, ya ce sannu ba ta hana zuwa. Bayan girbi, ran wata kasuwa, fata ta ɗago tsakanin yatsun Tukur. Wannan karon bai kawar da kai ba.

Illo, kai ne ba ka sayar da alkawarin banza ba, kuma ba ka saki mai ciwo ba. Kai ne ka mayar da ƙwaryar Altine cikin ƙorai. Allah ya saka, ya sa ka gama lafiya. Ku samarin da kuka gaji asibiti, farar riga ba ita ce aiki ba. Ku koyi haƙurin mutumin nan.

Altine ba ta warke sarai ba, yatsa biyu har yau suna gardama. Amma shekaranjiya na gani da idona, sun kawo wa Illo nono na bankwana. Tukur ya dire ƙwarya, ya dubi ƙasa ya ce, "Sha. Altine ta tatsa."