Mai Waya Tsakanin Giginya Biyu

Idan aka sallame sallar asuba a Dumega, kowa da inda ƙafarsa take kai shi. Wani gona, wani bakin kasuwa. Malam Abdussalamu, wanda muke kira Malam Salamu, bayan gidansa yake nufa. Akwai giginya biyu a can, ya ɗaura wata siririyar waya a tsakaninsu, wadda ba a shanya a kanta, ba ta kuma kawo wuta. Sai ya ɗaga kai ya dube ta, kamar mai duba ko baƙonsa ya kwana lafiya. Daga nan ya shiga rumfa, ya goge farantin sola da hannun riga, ya kunna rediyonsa mai kama gajeren zango, ya haɗa shi da wata tsohuwar kwamfuta, ya zauna.

Rediyon nan ba ya magana, ba ya waƙa. Kuka yake yi, wani abu tsakanin kukan gyare da fito. Malam Salamu zai karkata kunne, yana murɗa shi a hankali har kukan ya daidaita. Sai hoto ya fara sauka a fuskar kwamfuta, layi bayan layi, kamar masaƙi yana saƙa zane. Kafin shayi ya huce, ga ƙasarmu yadda ake hango ta daga can sama, gizagizai kwance a kanta kamar an baza auduga. Wata rana kuma rubutu ne yake zuwa, haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar jerin tururuwa.

Mai aiko su wani ne Abdulhakim, can gabas wajen Damagaram, wanda yake samun hotunan gizagizai ya mai da su kuka ya sako a iska. Shekara ashirin suna wannan zumunci, ba su taɓa haɗuwa ba. Sau ɗaya Abdulhakim ya aiko hoton kansa, iska ta cinye rabi a hanya. Har yau Malam Salamu hular abokinsa da idanunsa kawai ya sani.

Mu da karatunmu bai yi nisa ba, abin yakan tsaya mana a rai. Ashe sararin nan da muke gani fayau cike yake da wasiƙu da hotuna, suna wucewa ta kan rumbunanmu da awakinmu, ba mai tare su. Mutum guda ne a garin nan ya shimfiɗa musu wurin sauka. Shekara talatin ya yi yana gyaran na'urori a gidan waya na Dogon Dutsi. Da ya ajiye aiki, abin da ya kawo gida shi ne takardar izinin rediyonsa da wannan kunne nasa.

An daɗe ba a san inda za a ajiye shi ba. Wata tsohuwa daga Lugu ta taɓa jin kukan rediyon tana wucewa, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa a ƙofar rumfa ta gai da doguwa, aljanar da take zaton tana ciki. Malam Salamu ya ba ta ruwa ta sha, ya nuna mata batir. Ta dubi batir, ta dube shi, ta ce, "To, ai kowace da abin da taka ci."

Amma abin da ya sa ake wannan rubutu shi ne gorar Mubaraka.

Mubaraka mace ce mai noma da hannunta tun rasuwar mijinta. Uwarta ta bar mata wani irin gero mai gashi, wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kansa. Shekara biyu damina tana yi mata gardama, har irin ya rage gora guda, cikin toka, rataye a ɗakinta. Ba wanda yake da shi kuma a duk inda ta tambaya.

A shekara ta uku, ruwan farko ya sauka da wuri, da iska mai ƙarfi wadda ta kayar da dogon ƙarfen rezo, wayoyin hannu duka suka yi shiru. Gari ya waye kowa ya saɓa sungumi. Mubaraka kuwa rumfa ta nufa.

"Baba Salamu, kowa ya tahi shuka. Ni gora guda gare ni. In ta ƙone, irin Inna ya ƙare. Mi abin naka ya ce?"

"Zamna ki gani da idonki, ɗiyata."

Hoto ya sauka. Malam Salamu ya ɗora yatsa a kai. "Ga mu nan. Ga gabas, inda ruwa ka hito muna. Mi kika gani?"

"Baƙi ƙirin."

"Ni ma shi na gani. Babu ko ƙyallen girgije har bayan Damagaram. Ban ce miki ba a ruwa ba, wanga na Allah na. Amma da gorar tawa ta, da na bar ta rataye."

Ta bar ta rataye. Kwana biyar, gonakin maƙwabta suka yi kore shar, tata tana kwance ja. A bakin rijiya mata suna cewa, "Ku ba Mubaraka hanya, tana jiran gyare shi ba ta izinin shuka." Ta yi dariya tare da su, ta koma gida ta zauna tana kallon gora.

Shi ma Malam Salamu tuwo ya daina shiga masa. Matarsa ta shaida. Ya san idan damina ta zauna ke nan, shi ne ya sa Mubaraka ta rasa lemar ruwan farko, kuma ba shi da abin da zai mayar mata.

Cikin kwanakin nan Luƙman ya zo. Ɗan kasuwa ne mai shago a Dogon Dutsi, magidanci mai riƙo da sunna, yana kuma da gona a nan. Ya yi sallama, ya ƙi zama.

"Baba, don Allah na zo, ba don rigima ba. An ce kana hwaɗa ma mutane ranar ruwa. Wanga ai shiga gaibu na."

"Luƙman, in mai kabu-kabu ya iso daga Tibiri jiƙe sharkaf, ya ce maka ana ruwa can, boka na?"

"A'a, ai shi gani ya yi."

"To wanga ma matahiyi na. Ƙahwa kawai ya hi mai kabu-kabu, kuma ba shi shan mai."

Luƙman ya danne dariya, ya ce zai dawo ya gani da idonsa. Ya kuwa riƙa dawowa.

Kwana goma sha biyu ba ɗigo. Shukar mutane ta yi rawaya, ta kwanta, ta ƙone, har da ta Luƙman. Ba wanda ya ji Malam Salamu ya ce ai na faɗa. Kunnensa yana kan rediyo, hoto kullum baƙi.

Ran kwana goma sha shida, da hantsi, Mubaraka da Luƙman duk suna rumfa. Rediyo ya fara kuka, sai wata ƙara ta riƙa katse shi, ƙaƙas, ƙaƙas, kamar ana taka karan dawa. Hoton da ya sauka ba ƙasa, ba girgije, sai zane-zane kamar kaza ta yi tono. Rubutun Abdulhakim ma ya zo a wargaje, ba kalma guda da za a karanta.

Luƙman ya ce, "To, Baba, yau matahiyin naka ya hwaɗi a hanya."

Mubaraka ta sa hannu a ka. "Shi ke nan. Abin ma ya lalace."

Malam Salamu bai ko dubi hoton ba. Idonsa a rufe, kansa a karkace, fuskarsa tana buɗewa a hankali kamar wanda ya ji muryar ɗan'uwa a bayan katanga.

"Ku saurara. Kun san mi ab ɓata shi? Walƙiya ta. Nesa take, ido bai kai ba, amma kowace ta haska sai ta taka hoton ga. Ba guda ba, ba goma ba. Tsakaninmu da Abdulhakim hadari na tsaye bisa hadari. Shekara ashirin, ban taɓa jin ta haka da sahe ba sai damina ta zo zama." Ya buɗe ido. "Ɗiyata, tahi ki sauko da gorarki. Allah shi sa albarka."

Sama a lokacin tas take, ko tsuntsu babu. Mubaraka ta tafi ta sheƙe toka daga irin. Washegari da la'asar gabas ta yi baƙi, ruwa ya sauka har lema ta kai kamu guda. Ta shuka gorarta duka, tana rufe kowane rami da diddige. Bayan kwana uku wani ya sake sauka a kai.

Malam Salamu, kai ne ka ji ruwa a cikin abin da ya ɓata maka aiki. Kai ne ba ka taɓa cewa ka sani ba, sai dai ka ce zauna ka gani. Mai kunnen gari, wanda ya ɗauki gorar wata ya rataya a wuyansa kwana goma sha shida, ba wanda ya sa shi.

Yanzu kunnen nan ya fara gajiya. Yakan ɗora tafin hannu a kan rediyo don ya ji kukan a fatarsa, ya kuma ce bayan girbin bana zai kwance wayar. Mun gode, Malam. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya, ya nuna maka sauran fuskar Abdulhakim. Ku kuma masu sauran kunne, rumfar tana buɗe kowace safiya, kuma mai ita ba ya rowar abin da ya sani. Ku je ku zauna tun wayar tana sama.

Idan kun je, ku ɗaga kai. A jikin giginyar gabas akwai kan gero mai gashi a ɗaure, na farkon da ya nuna a gonar Mubaraka, kowace shekara tana sauya shi. Bana biyu ne. Na biyun daga gonar Luƙman ya fito, daga irin da ta ɗibar masa.