Shingen Evaristo

Rubuta, Yuleidis. Evaristo Padilla ne ya fara gaya mini cewa a wurin 'yan biran nan masu farin kai, waɗanda muke kira titi, uba ne yake goyon 'ya'ya. Muna cin rogo da cuku a bakin rafi, na ce, "Kai Evaristo, rage ƙarya." Ya nuna sama da wuƙarsa. Sai ga uban, bai fi kurege ba, tagwaye manne a bayansa, uwar tana gefe tana cin 'ya'yan itace abinta.

Da matarsa Baldomera ta rasu ta bar masa tagwaye, shi ma haka ya yi. Ya ɗaure su a baya da tawul ya tafi gona. Daga nan muka sa masa suna Titi. In mun tsokane shi sai ya ce, "Ku ai biri ya fi ku riƙon gida."

To, masu shanu suka sare daji, aka bar iyalin birai guda a ɗan kurmin da ke bayan gonarsa. Su ba sa son sauka ƙasa, ga karnuka. Rani na yi abinci ya ƙare musu, babban dajin kuma yana can ƙetaren makiyayar shanu. Evaristo ya sami mai makiyayar ya ce zai yi masa shinge kyauta, amma da ɗanyen reshen matarraton, wanda in ka kafa yake yin saiwa ya zama itace. Mutumin ya ɗauka ya tsinci wawa, bai san hanya ake yi wa biran zuwa babban dajin ba.

Kowace damina sai Evaristo ya ƙara tsawon shingen. Biran su biyo shingen har inda ya tsaya, su leƙa, su koma. A haka kansa ya yi fari fat kamar nasu. Kin rubuta wannan? Ki sa, zai so.

Bara idonsa ya raunana. Ya kafa rassan ƙarshe, waɗanda za su kai shingen har dajin, ko ɗaya bai yi toho ba. Muka je tare, ya shafa su da hannu, sai ya fashe da dariya.

"Nicanor, a juye na dasa su! Kai a ƙasa, gindi a sama."

Na ce, "Tsoho, birai ma dariya suke maka."

Ya ce, "Ƙyale su. Damina mai zuwa kai ka duba mini, ni in haƙa."

Bai kai daminar ba.

Jiya na ji kukan biran a ƙarshen shingen, siriri kamar na tsuntsu. Ga hadari ya fara haɗowa. Ajiye biron nan ki je wurin Dagoberto, babba a cikin tagwayen nan, ki ce ya wasa adda ya saro rassa. Ya tsaga kowanne a gindi don kada mu maimaita aikin babansa. Ni in duba, shi ya haƙa.