Damina Biyu Na Je Roƙo a Kutama

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tashar Kabuga a nan Kano, ni da wani abokin karatuna ɗan Masanawa. Shi hutun ƙarshen mako zai je, ni kuwa magana ce a bakina da na daɗe ina taunawa. A sashenmu na kwamfuta an buɗe wani tsari na yanke hanya: wanda makinsa ya yi kyau a aji uku sai a ba shi dama ya fara ɗaukar darussan digiri na biyu a fannin tsaron intanet tun bai gama na farko ba, ya haɗe biyun a tafiya ɗaya, ya rage shekara guda. An zaɓe ni. Sai dai tsarin ba ya barin dogon hutu har shekara biyu, dogon hutun nan kuma shi ne daminar gidanmu. Tun da yayana ya koma Kaduna, ni kaɗai ke bin bayan Baba a gona. Ranar Litinin ake son amsata, ni kuma ba zan amsa ba sai da yardar Baba.

Kuɗin mota ya ƙaru a kan na zuwana na baya. Da muka yi ƙorafi, direba ya ce mu je mu tambayi gidan mai. Aka cusa mu a baya kamar kayan wanki, ga buhunan taki sun hana but ɗin motar rufuwa. Abokina ya yi barci tun kafin Janguza, kansa a kafaɗata, ya bar ni ina bitar abin da zan faɗa. Bayan Rimin Gado gonaki suka buɗe, duk an share su, an zuba takin gida tsibi-tsibi ana jiran ruwa.

A mararrabar Kabo direba ya tsaya sauke kaya, muka sha koko wajen wata tsohuwa. Ƙosanta ya ƙanƙance har sai ka duba da kyau kafin ka yarda ba gyaɗa ba ce, amma da daɗi, ban da abin cewa. Nan abokina ya hau mashin ya nufi Masanawa yana ɗaga mini hannu. Na koma mota, wurin zama ya yalwata, ni kuma sai na ji duk na takura.

Muna shiga Gwarzo sai na kasa wucewa gida kai tsaye. Tun da nake ban taɓa buɗe baki na ce wa Baba ba zan yi wani abu ba. Sai na bi ta shagon Baffa, ƙanin Baba, mai sayar da iri da maganin feshi a bakin kasuwa, na roƙe shi ya raka ni gida ya yi mini maganar. A ganina ladabi na yi.

Ya dube ni ya ce, "Ka yi tunani kuwa?"

Na ce na yi.

"To, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Ya rufe shago ya goya ni a mashin. Hanyar ƙauyenmu da ke gefen Kutama tana nan da yashinta. Mangwaro ya nuna har yana zuba, shanun noma sun rame saboda bazara.

Mun sami Baba a gindin darbejiyar ƙofar gida yana gyara ƙotar sungumin shuka. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi malamai, ya tambayi zafin birni. Suka shiga zaure da Baffa, ni na tsuguna a bakin ƙofa. Baffa ya yi bayani a taƙaice. Baba ya juyo wajena.

"Wannan karatun, in an gama me ake zama?"

Na ce tsare kwamfutocin banki da na asibiti ake yi, kada ɓarayi su shiga daga nesa su kwashi kuɗi ko sirrin mutane.

"Gadi ke nan."

"Kusan haka ne, Baba."

Ya yi ɗan murmushi. "To, gadi ba abin kunya ba ne." Sannan ya dubi Baffa. "Ka shaida, na sallame shi daga gandu. Gonar bakin rafi tasa ce, ya ba wanda ya ga dama aro. Ba na binsa noma, bana ko baɗi ko bayansu."

Sai a lokacin na gane abin da na aikata. A wajenmu uba da 'ya'yansa gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, shi ne gandu. Ɗa kuma ba ya turo babba wajen ubansa a kan maganar gona sai in fita gandun yake so. Na san haka tun ina yaro. Zaman makaranta, inda kowace buƙata sai ka nemi wanda zai shige maka gaba, shi ya mantar da ni.

"Baba, damina biyu ce kawai nake roƙo."

"Na ji. Amma magana ta riga ta bi ta bakin Baffanka, ba ta komawa. Gara ma haka, kada hankalinka ya rabu biyu. Zan ɗauki 'yan ƙwadago. Allah ya yi maka albarka."

Babu fushi ko kaɗan a muryarsa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Inna ta kawo tuwon dawa da miyar kuka ta sha daddawa, na ci kaɗan don kada ta yi magana. Bayan la'asar na taka zuwa gonar bakin rafin. An share ta tas, Baba ne da hannunsa. Na tsaya a tsakiyarta ba kowa, ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, a gonar da aka ce yanzu tawa ce.

Washegari na dawo Kano ni kaɗai, ranar Litinin na ba da amsa. Tafiyar nan ta koya mini cewa shekarar da tsarin ya rage mini ba kyauta ba ce, daga wani wuri aka yanko ta. Ta kuma koya mini cewa akwai maganar da komai nauyinta da bakinka za ka faɗa wa mahaifinka.

Jiya ruwan shuka ya sauka. Duk shekara a irin wannan rana Baba kan kira ni ya ce, "Ƙasa ta jiƙa, yaushe za ka taho?" Na ajiye waya kusa da kwamfuta har aka tashi daga aji, ba ta yi ƙara ba. Da yamma ni na kira. Ya ce sun gama shuka tun da hantsi, ya tambaye ni yaya karatu.